Maganin mura ya kafar wa Baba da kaki a ƙirji

Tambaya: Assalamu alaikum. Da shigowar hunturu tarin mahaifina ya tashi, na saya masa sirop ɗin mura a kasuwa. Hanci ya daina zuba, amma kakin ya kafe a ƙirji, baki ya bushe, fitsari ma sai da yunƙuri. A asibiti aka hana sirop ɗin, aka rubuta Atrovent na shaƙa. Mene ne bambancinsu? Daga wata mai karatu, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Akwai jijiya mai suna bagus da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa huhu. Idan ƙura ko hayaƙin murhu ya taɓa hanyar iska, sai ta saki sinadarin asetilkolin, ya sauka a wasu kafofi da ake kira M3. Nan take ƙananan jakunkunan da ke bangon hanyar su zubo majina, tsokar wurin kuma ta tsuke.

Yawancin sirop ɗin mura na ɗauke da kulofeniramin ko furometazin. Suna bin jini ko'ina, su toshe waɗannan kafofi a hanci, baki, mafitsara da huhu gaba ɗaya. Ruwan kakin ya ragu, ya yi danƙo kamar ƙaro, ƙananan gashin da ke share shi zuwa maƙogwaro su kasa ɗaga shi. Ga dattijon da furostat ɗinsa, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura, fitsari na iya tsayawa cik, don haka kada a sake ba Baba sirop ɗin.

Atrovent, wato ifuratorofiyum, kafofin nan yake toshewa shi ma, sai dai da ƙyar yake shiga jini, aikinsa a huhu yake tsayawa. Fesa ɗaya maikurogiram 20 ce, yana fara aiki cikin minti 15, ya kai awa 4 zuwa 6. Baba ya fitar da numfashi, ya kama bakin abin shaƙar da leɓɓansa sosai, ya danna yana jan iska a hankali, ya riƙe daƙiƙa 10. A kiyaye ido, domin feshin na iya tayar da hawan ruwan ido. Ya riƙa shan ruwa, kunu mai ɗumi ma yana taimakawa.

Masu feshin wake su lura, fiya-fiya akasin haka take yi. Tana hana jiki rushe asetilkolin, huhu ya cika da ruwa, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Ba a ba da madara ko manja. A tuɓe tufafin, a wanke fata da sabulu, a garzaya asibiti, inda ake allurar atirofin a jijiya, ana ninkawa duk minti 5 har ƙirji ya daina kurari.