Amsa ga mai tambaya a kan sunan Rufaida

Assalamu alaikum. Malam, barka da samun ƙaruwa, Allah Ya raya ta a kan tafarkin Musulunci, Ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce maiɗakinka ta sauka lafiya an sami 'ya mace, tana sha'awar a sa mata Rufaida, amma mahaifiyarka ta ce ba ta taɓa jin wannan suna ba, kuma dama ta sa rai za a yi mata takwara, shi ya sa kake neman sanin ma'anar sunan da asalinsa da kuma ko akwai masu amsa shi kafin ranar suna ta zo. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe tana aiki a ɗakin haihuwa, kuma wannan suna yana da daraja ta musamman a wurin masu irin aikinmu, don haka na bi diddiginsa tun da daɗewa a wajen malamaina na Islamiyya da kuma littattafan tarihi.

Sunan Balarabe ne tsantsa. Ya fito daga kalmar rifdu, wadda ke nufin kyauta ko taimako ko tallafin da ake tokare wani abu da shi don kada ya faɗi. Kalmar ta zo a Alƙur'ani a aya ta 99 cikin Suratu Hud, kuma daga tushenta ne aka sami rifada, wato ciyar da alhazai da Ƙuraishawa suka ɗora wa kansu tun zamanin Ƙusayyu, aikin da daga baya ya koma hannun Hashimu, kakan mahaifin Manzon Allah (SAW). Ginin sunan kuwa shi ne wanda malaman Larabci ke kira tasgiri, wato a ƙaranta kalma saboda ƙauna ko lallaɓawa, kamar yadda aka sami Husaini daga Hasan, da Ubaidu daga Abdu, da Zubaida da Nusaiba da Umaima a sunayen mata. Saboda haka idan Hajiya, mahaifiyarka, ta tambaye ka ma'anarsa, kana iya ce mata 'yar kyauta ko 'yar tallafi, kuma duka biyun ba ka kauce ba. Mutane da yawa a nan suna zaton Rufaida ita ce macen Rufa'i, to ba haka ba ne, domin Rufa'i daga kalmar ɗaukaka yake, tushensu ba ɗaya ba ne ko da kunne ya ji su kusa da juna.

Wadda ta sa sunan ya shahara sahabiya ce, Rufaida Al'aslamiyya, daga ƙabilar Aslam, ƙabilar da ta fitar da sahabbai irin su Salamatu ɗan Akwa'u da Abu Barzata da Rabi'atu ɗan Ka'abu, kuma wannan ƙabila ce Manzon Allah (SAW) ya yi wa addu'ar zaman lafiya a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, tare da ƙabilar Gifar. Labarinta ya fito ne a yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 627 Miladiyya. A wannan yaƙi wani Baƙuraishe mai suna Ibnul Ariƙa ya harbi Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus ta Madina, da kibiya, ta same shi a babbar jijiyar jini ta hannu. Ibnu Ishaƙ, malamin tarihin Annabi, ya kawo cewa Rufaida tana da tanti a masallacin Annabi, tana yi wa masu rauni magani, tana kuma sadaukar da kanta wajen hidimar duk Musulmin da ba shi da mai kula da shi, don neman lada, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce a sa Sa'adu a tantinta domin ya riƙa duba shi daga kusa. Imamu Buhari ma ya ambaci sunanta a Al'adabul Mufrad, inda ya kawo cewa Annabi yakan bi ta wurin Sa'adu safe da yamma yana tambayarsa yadda ya kwana da yadda ya wuni. Daga wannan tanti aka ɗauki Sa'adu a kan jaki ya je ya yanke hukunci a kan Yahudawan Banu Ƙuraiza, bayan haka raunin ya ɓalle ya rasu, kuma shi ne wanda hadisi ya tabbatar Al'arshi ya girgiza saboda rasuwarsa.

Duk lokacin da na karanta wannan labari, abin da ke taɓa ni shi ne hidimar wanda ba shi da mai kula da shi, domin na san irin waɗannan majinyata a asibitocinmu, waɗanda ake kawowa daga ƙauye ko a tsinto su a bakin hanya, babu mai zaman jinya, babu mai sayo magani, sai abin da ma'aikata suka tattara a tsakaninsu. Kuma duk wanda ya san yadda raunin babbar jijiya yake, ya san cewa ba a miƙa irin wannan majinyaci ga wanda bai iya ba, balle a ce shugaban ƙabila guda ne, wanda duk Madina ke jiran jin halin da yake ciki.

Sai dai ina so in ja hankalinka a kan wani abu, domin na san za ka ci karo da shi idan ka shiga intanet. Za ka ga an rubuta shekarar haihuwarta, da cewa ta kafa makarantar koyon jinya, ta tsara dokokin aiki, da wasu bayanai masu tsawo. Abin da tsofaffin littattafan sira da na tarihin sahabbai suka kawo a kanta bai wuce 'yan layuka ba, kuma mafi yawan wancan ƙari marubutan zamani ne suka faɗaɗa shi saboda son da suke mata. Hasali ma Ibnu Sa'ad ya kawo labarin tantin da sunan Ku'aiba 'yar Sa'adu, ita ma daga Aslam, wanda ya sa wasu ke ganin mace ɗaya ce mai suna biyu, wasu kuma ke cewa 'yan'uwa ne. A ganina 'yan layukan da suka tabbata sun ishe ta daraja, kuma idan yarinyar ta girma ta tambayi labarin mai sunanta, gara a ba ta abin da za ta iya tsayawa a kansa a gaban kowane malami.

Game da yaɗuwar sunan, gaskiyar Hajiya ce da ta ce ba ta san shi ba. A zamanin iyayenmu sunayen yanka na mata ba su da yawa, Hauwa'u ce da Hadiza da A'isha da Fatima da Rakiya da Halima da makamantansu, sannan a lulluɓe su da sunan rana ko na yanayin haihuwa, irin su Ladi da Asabe da Delu da Azumi. Da makarantun Islamiyya na mata suka yawaita daga wajen 1980 zuwa gaba, mata suka fara karanta tarihin sahabiyai da kansu, sai muka fara rubuta Nusaiba da Sumayya da Rumaisa'u da Haulatu a katin rigakafi. Rufaida ta biyo bayan waɗannan, kuma har yanzu ba ta kai su yawa ba. A abin da na gani a wurin aiki, an fi samun sunan a birane, a gidajen malamai da na ma'aikatan lafiya, kuma da wuya ka ga dattijuwa mai amsa shi. A Kano ma wasu sun fara sanin kalmar ne a jikin robar yogot kafin su ji ta a kan mutum.

A wasu ƙasashen Musulmi an fi haɗa sunan da aikin jinya kai tsaye. Akwai kwalejin koyon jinya mai sunanta a jami'ar Jamia Hamdard da ke Delhi a Indiya, kuma a ƙasashen Larabawa ana sa wa makarantu da kyaututtukan jinya sunanta. Mu da muka yi karatu a nan, tarihin Florence Nightingale da aikinta a yaƙin Kirimiya a 1854 aka koya mana, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, amma Rufaida sai daga baya muka ji labarinta a wajen aji, alhali ta riga Florence da fiye da shekara 1200. A Saudiyya kuma Rufaida sunan ƙabila ne, har akwai gari a yankin Asir da ake kira Ahad Rufaida, wanda ke nuna maka cewa kalmar tsohuwa ce a bakin Larabawa.

Ta fuskar shari'a babu abin ƙi a sunan, tunda ma'anarsa kyakkyawa ce, kuma sahabiya ta amsa shi a gaban Manzon Allah (SAW) bai canza mata ba, alhali ya canza wa wasu, kamar Barra da ya mayar Juwairiyya.

Maganar Hajiya ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Malamai, ciki har da Ibnul Ƙayyim, sun bayyana cewa idan aka yi saɓani haƙƙin raɗa suna na uba ne, amma samun haƙƙi daban, yadda za ka yi amfani da shi daban, kuma na sha ganin gidan da rashin yin takwara ya bar ƙullin da ya daɗe tsakanin suruka da matar ɗanta, wanda a ƙarshe mai jego ce ke shan wahalarsa ba mijin ba. Idan wannan ce 'yarka ta farko kuma ba a taɓa yi wa Hajiya takwara a ɗakinka ba, shawarata ita ce ka sa sunan Hajiya a matsayin sunan yanka, a riƙa kiranta Rufaida. Dama ko ba komai maiɗakinka ba za ta iya kiran sunan surukarta gatsal ba, dole a nemi na alkunya, kuma Rufaida ya fi Ummi ko Mami ko Walida da suka cika kowane gida. Idan kuwa an riga an yi mata takwara a wajenka ko wajen 'yan'uwanka, to ka je da kanka ka zauna ka ba ta labarin Sa'adu da tantin, kada ka aika, kada kuma ka bari ta ji kamar umarnin matarka kake isarwa. Tsofaffinmu ba sa ƙin sunan sahabbai, baƙon abu ne suke tsoro, musamman yanzu da ake ɗauko sunaye daga finafinai ba a san ma'anarsu ba.

Duk wanda kuka zaɓa, ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Ana rubuta Rufaida da Rufaidah da Rufayda da Rufaidatu, kuma bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta da lambar NIN yana iya sa yarinya zaryar kotu neman takardar rantsuwa lokacin da za ta rubuta JAMB. Idan sunaye biyu ne, a rubuta su duka tun farko, na yanka a gaba. A Larabci kuma da harafin dal ake rubuta shi, ba da lodi ba, domin da lodi ma'anar takan koma ƙin abu da watsi da shi. Ranar suna ka rubuta wa liman sunan a takarda da Larabci, ka kuma faɗa wa sanƙira shi a kunne sau biyu kafin ya yi shela, domin abin da ya faɗa da safen nan shi mata za su ɗauka a cikin gida, kuma idan ya ce Rufa'atu, gyara shi a bakin dangi sai an yi da gaske.