Na sabunta Ubuntu, katin hoto ya daina aiki: ƙonewa ya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa bidiyon biki da zanen katin gayyata a Zariya. Laftof ɗina tana da katin hoto na NVIDIA GTX 1650, kuma Ubuntu 22.04 ce a kanta. Direban katin wani abokina ne ya ba ni a filashi, fayil ne mai ƙarewa da .run, kuma ya daɗe yana yi mini aiki lafiya lau. Saboda tsadar data na jima ban sabunta komai ba, sai makon jiya na samu intanet kyauta na bar komai ya sauka. Tun da na sake kunna ta, allo na biyu da nake jonawa da HDMI ya daina kawowa, bidiyo yana sarƙewa, wani lokacin ma baƙin allo kawai nake gani da ɗan layi yana ƙiftawa. Idan na rubuta nvidia-smi, umarnin duba lafiyar katin, sai ta ce ta kasa magana da direba. Mai gyara ya ce ko dai katin ya ƙone, ko a yi mata fomatin. Aikin mutum uku yana ciki. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bari a yi fomatin, kuma kada ka sayi komai tukuna. Katin da ya ƙone ba ya jira sai ranar da aka sabunta manhaja sannan ya mutu. Alamomin da ka lissafa duka na abu guda ne: kanel ɗinka ya canja, direbanka kuwa yana nan inda ka bar shi.

Kanel shi ne zuciyar tsarin, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarfen kwamfuta. Direban NVIDIA kashi biyu ne. Kashi ɗaya yana zaune a waje tare da sauran manhajoji, ɗayan kuma, wanda fayil ɗinsa ke da suna nvidia.ko, shiga yake yi cikin kanel ɗin kansa. Wannan na cikin kamar riga ce da tela ya ɗinka bisa awon mutum guda. Ranar da ka danna fayil ɗin .run, ya auna kanel ɗin da ke kanta a lokacin, ya ɗinka, ya ajiye rigar a jakar wannan kanel ɗin kaɗai, ƙarƙashin /lib/modules. Ubuntu 22.04 ta fito ne a Afrilun 2022 da kanel 5.15, amma wadda ake sa wa laftof da tebur tana bin layin da ake kira HWE, wanda ya yi ta hawa: 5.19, 6.2, 6.5, har 6.8. Kai da ka daɗe ba ka sabunta ba, mai yiwuwa tsalle ɗaya ka yi daga farkon layin zuwa ƙarshensa. Sabon kanel ya tashi, ya leƙa jakarsa, bai ga nvidia.ko ba. Ko da ka kwafo tsohon ka ajiye masa, zai duba lambar da aka buga a jikinsa ya ƙi karɓa.

Abin da ya sa kake ganin hoto wani lokacin shi ne, irin wannan laftof hanyar hoto biyu gare ta. Allon jikinta yana iya tafiya da ƙaramin katin da ke cikin furosesa, amma a da yawa daga cikinsu ƙofar HDMI kai tsaye take haɗe da katin NVIDIA. Shi ya sa allo na biyu ya mutu murus, na jiki kuma yake ɗingishi.

Ga abin da za ka fara yi, ba ya cin ko megabait ɗaya. Kunna kwamfutar, da zarar tambarin kamfani ya wuce ka danna Esc, idan tsohuwar BIOS ce kuma ka riƙe Shift. Jerin GRUB, inda ake zaɓar abin da kwamfuta za ta tashi da shi, zai fito. Shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, wanda ba a rubuta recovery a gabansa ba. Ubuntu ba ta goge tsohon kanel nan take idan sabo ya zo, kuma rigarka tana can a jakarsa. Idan komai ya dawo daidai, har da allo na biyu, to ka wanke katin daga zargi. Kafin ka taɓa wani abu, kwashe aikin mutanen nan uku zuwa wani faifai na waje. Kuma a wannan tsakanin kada ka rubuta apt autoremove, don cikin aikinta har da share tsofaffin kanel.

Idan baƙin allon ne ya tare ka, danna Ctrl da Alt da F3 tare. Wurin rubuta suna da kalmar sirri zai fito, kuma duk umarnin da zan faɗa yana aiki daga nan.

Yanzu gyaran gaske. A ra'ayina fayil ɗin .run shi ne tushen ciwon, ba don jabu ne ba, na kamfanin ne da kansa. Matsalarsa ita ce apt, mai kula da duk manhajojin Ubuntu, bai san da zamansa ba. Baƙo ne da ya shigo ta katanga: idan ana rabon sabon abu babu mai tunawa da shi. Cire shi da umarnin da ya zo da shi:

sudo nvidia-uninstall

Daga nan ka jona intanet ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
ubuntu-drivers devices
sudo ubuntu-drivers install

Na tsakiyan zai nuna maka direbobin da suka dace da katinka, da wanda aka fi ba da shawara. Na ƙarshen shi zai sa shi. Direban yana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, saboda haka ka tanadi data, ka kuma tabbatar batir a cike yake. Idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ana tsakiyar sawa, za ka ƙara wa kanka wani aikin. Idan hakan ta faru, ko kuma kana zargin ta faru a sabuntawar makon jiya, sudo dpkg --configure -a ita ke ƙarasa abin da aka bari rabi. Alfanun wannan hanya shi ne Canonical, kamfanin da ke fitar da Ubuntu, yana ɗinka rigar tun daga can, a kunshin da sunansa ke farawa da linux-modules-nvidia, kuma yana fitar da ita tare da kowane sabon kanel.

Akwai wata hanyar da za ka ci karo da sunanta, wato DKMS, wadda kamfanin Dell ya ƙirƙiro a 2003. Ita tela ce da ke zaune a cikin kwamfutarka, duk sanda sabon kanel ya iso sai ta sake ɗinki. Idan ta wannan hanyar aka sa direbanka, rubuta dkms status ka gani ko akwai layin nvidia da lambar sabon kanel da kalmar installed a gabansa. Idan babu, ɗinkin ya faskara, kuma dalilin yana rubuce a wani fayil mai suna make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms/nvidia. Mutane suna tsoron wannan fayil don tsawonsa, alhali layin farko da kalmar error ta bayyana shi kaɗai ake nema. Dalilan ba su da yawa. Ko dai babu takardar awon sabon kanel, wato linux-headers mai lambarsa, ko direban ya tsufa har bai gane sabon fasalin kanel ba, ko kuma manhajar harhaɗawa mai suna gcc, wato keken ɗinkin kansa, ce ba ta dace ba. Wannan na ƙarshen ya kama mutane da yawa a Janairun 2024, lokacin da kanel 6.5 ya iso Ubuntu 22.04: shi da gcc-12 aka harhaɗa shi, kwamfutocin mutane kuwa gcc-11 ke kansu, sai ɗinkin ya tsaya da ƙorafin wani zaɓi mai suna ftrivial-auto-var-init. Maganin layi ɗaya ne, sudo apt install gcc-12, amma wanda bai buɗe make.log ba sai ya kwana uku yana lalube.

Sai kuma Secure Boot, wanda ke hana kanel karɓar duk abin da ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Duba da mokutil --sb-state. Idan a kunne yake, kunshin Canonical zai wuce don da sa hannunsa ya zo, amma ɗinkin gida na DKMS sai ka yi wa makullin sa hannunka rajista. A nan ne wani shuɗin allo yake fitowa bayan an sake kunnawa, yana ba ka 'yan daƙiƙu ka zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar sirrin da ka ƙirƙira. Sau da yawa na ga mutum ya ɗauka wata sabuwar matsala ce, ya danna ci gaba ya wuce, sannan ya yi ta mamakin direba ya sauka amma ya ƙi tashi. Wasu kashe Secure Boot suke yi su huta. Yana aiki, sai dai idan akwai Windows mai BitLocker, wato tsarinta na kulle faifai, a gefe, za ta nemi doguwar lambar ceto a kunnawa ta gaba, don haka ka nemo ta tukuna.

Za ka iya tambaya, me ya sa masu katin Intel da AMD ba sa wannan kuka? Direbobinsu, i915 da amdgpu, a cikin gidan kanel suke. Masu kula da Linux ba su taɓa alkawarin barin fasalin cikin kanel yadda yake ba, suna sauya shi duk sanda suka ga ya kamata, kuma wanda ya sauya shi ke gyara duk direbobin da ke cikin gida. Wanda ya zaɓi zama a waje shi zai riƙa bin su da gudu. Tsamar ta daɗe, har Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya yi wa NVIDIA daƙuwar Turawa a bainar jama'a a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland a 2012. A Mayun 2022 kamfanin ya buɗe lambobin ɓangaren kanel na jerin katunansa da ake kira Turing zuwa sama, kuma naka GTX 1650 yana cikinsu. Amma buɗewar ba ta shigar da shi gidan ba, har yanzu sai an yi masa ɗinki dabam.

Kai ka yi sa'a, katinka yana samun sabon direba. Masu tsofaffin laftof na hannu su ne abin tausayi: layin direba na 390 an daina kula da shi a ƙarshen 2022, na 470 mai riƙe da tsofaffin katunan da ake kira Kepler kuma a 2024. Mai irin wannan kati ko dai ya zauna a tsohon kanel, ko ya koma nouveau, direban sa-kai da ke cikin kanel, wanda yake nuna hoto amma ba shi da ƙarfin aikin bidiyo.

Tunda da wannan kwamfutar kake cin abinci, shawarata ka sauka daga layin HWE. sudo apt install linux-generic zai kawo maka layin 5.15, wanda lambarsa ta gaba ba ta canjawa, gyaran tsaro da na kurakurai kawai yake karɓa, kuma Ubuntu 22.04 tana da tallafi har Afrilun 2027. Sai dai GRUB mafi girman lamba yake zaɓa da kansa, don haka bayan ka tabbatar 5.15 yana tafiya da direban, sai ka cire kunshin linux-generic-hwe-22.04 da kanel ɗin 6.8. Idan ka sake kunnawa, uname -r za ta faɗa maka kanel ɗin da kake kai, nvidia-smi kuma ta nuna sunan katinka da zafinsa. Idan ta ce lambar direba da ta laburare, wato kashin direban na waje, sun saɓa, kashe ka kunna kawai, tsohon ne bai sauka daga ƙwaƙwalwa ba. Idan har bayan wannan ta ƙi, turo mini abin da dkms status ta nuna da layuka ashirin na ƙarshen make.log.