Amsa ga Yaya: Abin da Muke Nufi da "Fasonal De" a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kai da iyali kuna lafiya a Kaduna, ga amsar tambayar da ka yi mini ranar Ƙaramar Sallah, lokacin da na ce maka na ɗauki "fasonal de" domin in je idi, kai kuma ka yi mamakin yadda za a ce sai mutum ya nemi izini kafin ya yi Sallah.

Tushen maganar shi ne, a Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya biya ma'aikaci kuɗin ranar hutu. Ta wannan fuska Nijeriya ta fi su, domin Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Abin da suke da shi a nan shi ne dokar 1993 wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ta ba ma'aikaci mako 12 na haihuwa ko jinya ba tare da ya rasa aikinsa ba, amma ba ko sisi, kuma a kamfanoni masu zaman kansu ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 50 ba. In ban da abin da wasu jihohi suka wajabta, kamar hutun jinya a Niyok da Kalifoniya, sauran duk yarjejeniya ce tsakanin mutum da wurin aikinsa, shi ya sa ma'anar kalmomin takan sauya daga wannan ofis zuwa wancan.

"Fasonal de" rana ce ta biyan buƙatar kai: za a biya ka kuɗinta cif, kuma ba a tambayarka dalili. Ta ɗan yi kama da kazuwal lif ɗinku na aikin gwamnati, sai dai ku sai kun rubuta wa oga uzuri, wani ma har ya sake kashe kakarsa da ta rasu shekara goma da suka wuce. Mu kuwa danna kwamfuta kawai muke yi, kuma shugaban da ya ce "ina za ka?" shi ake gani ya yi katsalandan. Ba ta da yawa, galibi biyu ko uku a shekara, kuma daban take da "bakeshan", wato hutun shekara, wanda ake nema tun da sauran lokaci, daban kuma da ranar jinya.

Wurare da yawa yanzu sun zuba dukan ukun a tukunya ɗaya, suna kiranta PTO, ma'ana lokacin da ba ka aiki amma ana biyanka. Ba a lissafa shi da kwana, da awa ake yi, kuma taruwa yake yi kamar kuɗin asusu. Ni ina da awa 120 a shekara, kwana 15 ke nan, kuma duk mako biyu idan takardar albashi ta fito nakan ga an ƙara mini awa huɗu da rabi da 'yan mintoci. Mutanenmu har sun saba cewa "na ƙona awa takwas" ko "asusuna ya bushe". Illar tukunya ɗaya ita ce, mura ta kwana uku tana cin kwana uku daga tafiyar gida, don haka za ka ga mutum yana tari yana jan ƙafa zuwa aiki. A wasu wuraren abin da ba ka ci ba kafin ƙarshen shekara ya tafi ke nan, kodayake Kalifoniya ta hana hakan, tana ɗaukarsa a matsayin albashin da aka riga aka yi wa aiki.

Sallah ba ta cikin ranakun hutu 11 na gwamnatin tarayya. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin Niyok suke rufewa saboda ita, to amma yara ne suka huta, iyaye ba su huta ba. Wahalarmu ita ce ganin wata: ana so ka faɗi ranar tun da wuri, kai kuma ba ka sani ba ko azumi 29 za a yi ko 30. Wasu sukan ɗauki kwana biyu a jere, su mayar da ɗaya idan an yarda. Ma'aikatan jinya kuwa musanya suke yi, su riƙe wa abokin aiki Kirsimeti, shi ya riƙe musu Sallah. Direbobin tasi, waɗanda suke da yawa cikin Hausawan Bronks, wani yanki na birnin Niyok, ba su da wannan magana ko kaɗan. Ranar da mota ta tsaya, aljihu ya tsaya.

Inda abin ya fi mini ciwo shi ne hutun rasuwa. Yawanci kwana uku ne, kuma an rubuta waɗanda ya shafa: iyaye, mata ko miji, 'ya'ya, 'yan'uwa na jini, wani lokaci da kakanni. Da Baba Ƙarami ya rasu, na gaya wa jami'ar kula da ma'aikata cewa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe mu, kuma a wurinmu uba ne. Ta yi mini ta'aziyya da ladabi, sannan ta juyo da fuskar kwamfutarta ta nuna mini cewa ƙanin uba ba ya cikin jerin. Ko da yana ciki, kwana uku ba su isa zuwa Abuja da hawa jirgin ƙasa zuwa Rigasa da dawowa ba. Wannan ne ya hana ni zuwa zaman makoki, ba wai na yar da zumunci ba kamar yadda na ji an faɗa.

A halin yanzu ina da awa 72, kwana 9 ke nan na aiki, waɗanda idan na haɗa da Asabar da Lahadi za su ba ni kusan mako biyu. Don Allah, da zarar an sa ranar ɗaurin auren 'yar wajenka, ka sanar da ni aƙalla wata biyu kafin lokacin, domin a ofishinmu wanda ya riga nema shi ake ba.