Ku Tambaya Mu Amsa: A ina ake dire waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai kusan shekara biyu ke nan ina rubuta waƙa ina sawa a Facebook, kuma matsalata guda ɗaya ce, farawa ba ta ba ni wahala sam amma in na zo ƙarshe sai in rasa yadda zan dire, in yi ta jan abu har ni kaina in gaji. Ga wadda na yi wa mahaifiyata Allah ya jiƙanta, ƙwar biyu ce baiti 22, don Allah a duba min ƙarshen, ƙawata ta ce wai ya yi sanyi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Na karanta duka 22 ɗin, amma saboda ƙarancin fili baiti biyun ƙarshe kawai zan kawo don masu karatu su ga abin da muke magana a kai:

Lambarki na nan cikin wayata,
Na kasa share ta har yau, Inna.

Jama'a mu ɗau haƙuri da rashi,
Mutuwa tana kan kowa, 'yan'uwana.

Ƙawarki ta yi gaskiya fa, kar ki ji haushinta. Amma ba wai ba ki iya ƙarshe ba ne, kin riga kin rubuta shi, sai kika wuce shi ba ki sani ba. Waƙarki a baiti na 21 ta ƙare. Wallahi da na zo kan maganar lambar nan sai da na ajiye takardar na ɗan yi shiru, don duk wanda ya taɓa rasa wani nasa ya san wannan abin, kana neman lambar wani daban sai yatsanka ya bi ta kan sunan mamacin, ka tsaya, ka kasa gogewa ka kuma kasa kira. Ina cikin wannan halin sai ga baiti na 22 ya zo ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri. Wa ya ce miki haƙuri nake nema? Ki ƙyale ni da abin da kika ɗora min mana.

Ki lura da abin da ya faru a wajen. Baiti 21 kina magana da mutum ɗaya, da Inna, lambarki, muryarki, ɗakinki, sai a na ƙarshe kika juya mata baya kika fuskanci jama'a kamar mai rufe taro. Ita kanta waƙar ta ƙi yarda, ki rera ɗangon ƙarshen, wato layin ƙarshe, da ƙarfi ki ji yadda ya fi 'yan'uwansa tsawo, sai kin yi gudu a kan "kowa 'yan'uwana" kafin ki cim ma karin, wato ma'aunin waƙar. Sau da yawa in ka ga kari ya karye a baitin ƙarshe to marubucin ya daina waƙa ya koma bayani ne, kunne kan riga ido ganewa.

Wannan ciwon ba ke kaɗai ba ce, yawancin waƙoƙin da ake turo mana haka suke, tsoro ne ke kawo shi, tsoron kar mai karatu ya kasa gane darasin. Alhali mai karatu ba yaro ba ne. In kin nuna masa abu ya gani da idonsa ba sai kin sake fassara masa ba.

Malaman balaga na Larabci sun daɗe da yin magana a kan wannan, suka ce wuri uku ne mawaƙi zai fi yin taka-tsantsan, wajen buɗewa, da wajen tsallakawa daga shimfiɗa zuwa ainihin abin da ya kawo shi, da wajen rufewa wanda suke kira husnul khitami. Dalilinsu a kan na ukun mai sauƙi ne, shi ne abu na ƙarshe da ke shiga kunne don haka shi ke zama a rai, in ya yi kyau yakan rufa wa raunin tsakiya asiri, in ya lalace kuma sai ya ja har baitocin kirki su tafi tare. Turawa ma suna da irin waƙar da suke kira sonet mai layi 14, a samfurin Ingila layi biyun ƙarshe amsa-amonsu daban yake da na sauran, an ware su musamman don a ɗaure zancen ko a juya shi.

Sai abu na biyu, shi kuma na amsa-amo ne. Babban amsa-amonki "na" ne, kuma kalmar da ta fi kowace nauyi a cikin masu ƙarewa da "na" ita ce Inna, amma kin fara kashe ta tun a baiti na 3, kika maimaita har sau shida, kafin a zo inda ake bukatarta ta riga ta saba wa kunne. Da ni ne, zan bi in cire ta daga ko'ina, in yi ta kewaye da raina, rana, kwana, idanuna, a yi ta jiran a ji da wa ake magana, sai a kalmar ƙarshe ta ɗangon ƙarshe in kira sunan. Gwada ki gani. Ki goge baiti na 22, ki rera wa ƙawar taki daga farko ba tare da kin gaya mata kin canja komai ba, ki kalli fuskarta in kin kai ƙarshe.

Tambaya: Malam barka da aiki. Wani dattijo da nake kai wa waƙoƙina ya ce min waƙar da ba a rufe ta da godiya ga Allah da salati da sunan marubuci ba to ba ta cika ba. Shin dole ne? Sannan mene ne ramzi da nake ji ana faɗa?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Dattijon nan ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, tsarin da rubutacciyar waƙar Hausa ta gada ke nan tun waƙoƙin malaman jihadi na ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, a buɗe da sunan Allah da salati a rufe da su, har masu nazari suka ba su suna mabuɗi da marufi. A marufin ne za ka ji tammat, wato ta cika, wani ya faɗi yawan baitocin don kar mai kwafa ya rage ko ya ƙara, wani ya saka sunansa, don a lokacin da hannu ake kwafa da baki ake yaɗawa, in ba ka ɗinke sunanka a jikin waƙar ba gobe ta zama ta wani. Mawaƙan Farisanci da Urdu ma suna saka laƙabinsu a baitin ƙarshe na irin waƙar da suke kira gazal.

Ramzi kuwa shekarar da aka yi waƙar ce ake ɓoyewa cikin kalma, ta hanyar lissafin haruffan abajada inda kowane harafi ke da adadinsa. A lissafin Magariba, wato na mutanen Maroko da maƙwabtanta, wanda malamanmu suka bi, harafin shinun 1000 ne harafin ra kuma 200, shi ya sa a waƙoƙin da aka yi cikin shekarun 1200 na Hijira za ka yi ta cin karo da waɗannan haruffa biyu a kalmar ramzin, sai a ƙara sauran da za su cike lissafin. Gwaninta ce sosai, musamman in kalmar ta ba da ma'ana kuma ta zauna daidai cikin kari.

Batun dole kuma, a'a, ba dole ba ne, akwai waƙoƙin zamani masu kyau da ba su da shi. Ni dai ina son sa in an iya. Abin da ba na so shi ne a mayar da shi wajen ɓuya, mutum bai gama zancensa ba ya rasa mafita sai ya faɗa cikin salati da gaishe-gaishe baiti takwas yana ganin ya rufe. Marufi daban, ƙarshen jigo daban. Ka fara dire maganarka tukuna a baitin da in an tsaya nan ba wanda zai ce ina sauran, sannan ka kawo addu'arka baiti ɗaya ko biyu ka saka sunanka. In ka yi haka dattijon zai gamsu, waƙar ma ba ta yi asarar komai ba.

Tambaya: Ni kuma Malam ƙarshen ne yake fara zuwa min kafin farkon, laifi ne?

Amsa: Ina laifi, ai ka huta. Ka rubuta shi a ƙasan takarda ka bar sarari a sama, ka ɗauki amsa-amonka da karinka daga jikinsa. Sai dai wani lokacin kana cikin tafiya waƙar za ta karkata wani wajen da ba ka zata ba, in haka ta faru kar ka ja ta da ƙarfi zuwa wancan baitin, ka cire shi ka adana a waya, wataƙila na wata waƙar ne da ba ka rubuta ba tukuna.