Wayin marar giya na biki: yadda za ki zaɓa, da maganar wai yana ƙara jini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Aboabo, nan Kumasi. Wata mai kamawa zan aurar da autata, kuma ƙawayenta sun kafe sai an jera kwalaben wayin marar giya a kan tebura. Na zaga Adum da Kejetia, na ga iri ya fi goma, wani ya ninka wani kuɗi har sau uku. Tsorona kada in shayar da bayin Allah giya ban sani ba, kuma kada in kwaso jabu. Sannan mai shagon ya ce in ɗauki ja saboda yana ƙara jini, in ware katan guda wa babbar 'yata. Cikinta wata shida, an ce mata a wurin awo jininta ya yi ƙasa, ga shi ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta don suna tayar mata da zuciya. In saya mata?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya, ita kuma babbar Allah ya raba lafiya. Tambayarki ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai, amma bari in fara sauke miki nauyin kwalaben.

Abin da ake kira wayin marar giya a shagunanmu kashi biyu ne, kuma mai shago ba kasafai yake rarrabewa ba. Na farko ruwan inabi ne da aka tace, aka cusa masa iskar gas irin ta lemon kwalba, aka zuba a kwalba mai dogon wuya da takardar gwal. Bai taɓa zama giya ba. Yawancin waɗanda kike gani a bukukuwanmu, irin su Pure Heaven da Eva da Chamdor, daga wannan gidan suke. Na biyu kuwa giya ce sosai tun asali: an bar inabin ya tsimu har ya zama barasa, daga baya aka cire barasar da inji. Shi ne za ki ga an rubuta masa "de-alcoholised". A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ana ba shi wannan suna matuƙar abin da ya rage bai wuce 0.5% ba. Saboda haka ki juya kwalbar, ki nemi lambar da ke da alamar % kusa da "vol". Idan kin ga 0.5%, akwai saura. Idan kin ga 0.0% tare da waccan kalmar, an cire kusan duka, amma tushensa yana nan yadda na faɗa miki. Hukuncinsa na malamai ne, ni aikina awo. Sai dai na san majalisar fatawa ta Malesiya a 2011 ta ce abin da aka bi hanyar haɗa giya wajen yin sa haramun ne ko da an cire barasar. Tunda na farkon ya fi araha kuma babu ja-in-ja a kansa, ki tsaya a kansa hankalinki kwance.

Wata tuntuɓe da na ga mata da yawa sun yi: kwalin Don Simon. Kamfanin yana yin ruwan 'ya'yan itace zalla, yana kuma yin sangriya, wadda giya ce mai 7%, kuma a kanta ɗaya ake jera su. Kada ki aiki yaro da sunan kamfani kawai.

Batun jabu da lalatacce, kwalba ɗaya za ki fara saya, ba katan ba. Ki duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ki duba tambarin hukumar haraji ta GRA da ake liƙawa, ki shafa yatsa a kan ranar ƙarewar wa'adi. Idan wurin ya dusashe kamar an goge, ko an manna sabuwar takarda a kan tsohuwa, ki ajiye. Ki ɗaga ta a hasken rana: ya kamata ki ga ruwan garau, ba gurɓi, ba laka a gindi. Farin wayin da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya sha rana, kuma duk kwalbar da ta yi makonni tana gasuwa a kan tebur a bakin titi ɗanɗanonta ya tafi. A gida ki sanyaya ta, ki buɗe, ki shinshina kafin ki kurɓa. Ƙamshin inabi kike nema. In kika ji warin kullun da ya kwana ko tsamin da ke hawa hanci, yis ya shiga ya fara cin sukarin, wato giyar da kike gudu ta fara haɗuwa a cikin kwalbar da kanta. Ki kuma bar rabin kofi ya huce kafin ki sake kurɓa, don sanyi yana ɓoye zaƙi da ɗanɗanon turaren roba, mai kyau kuwa ko ya huce yana da ɗan tsami-tsami mai wanke baki.

Bambancin farashin yana cikin jerin kayan haɗi. Doka ta sa a fara rubuta abin da ya fi yawa. Wanda ya fara da ruwan inabi ya fi wanda ya fara da ruwa da sukari, sai can ƙasa a ambaci inabi kaɗan da launi. Akwai ɗan gwaji da nake nuna wa ɗalibai: ki jiƙa kanwa, ki ɗiga a cokali biyu na jan. Jan inabi na gaskiya zai juya ya yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore, kamar yadda sobolo, wato zoɓo, yake yi. Wanda ya tsaya ja jawur bai motsa ba, galibi rini ne. Kwalba mai 750 ml tana cika ƙananan kofuna shida, ki yi lissafin teburanki a kan haka. Idan cikin baƙi akwai mai asma, ki lura da kalmar "sulphites", tana tayar wa wasunsu.

Yanzu mu zo ga 'yarki. Hajiya, kada ki saya mata katan ɗin nan da sunan magani. Ko kwalba ɗaya.

Wannan maganar ta ja yana ƙara jini na gaji da jin ta. Ina jin ta a motar haya ta trotro daga bakin mai jakar magani, ina jin ta a lasifikar tasha, ina jin ta a saƙon murya da ake turawa a WhatsApp har ya iso wayar 'yan uwana. Yau jan wayin ne, jiya sobolo ne, shekaranjiya malt ne da madarar gwangwani ko tumatirin gwangwani a cikin lemo. Hujjar dai guda ce: abin ja ne, jini ma ja ne. To ai kama da wane ba ta wane. Jan inabi daga launin ɓawonsa yake, wani sinadari da ake kira antosayanin, shi ne dai wanda kanwa ta juya miki yanzu a cokali. Jan jini kuwa daga himogulobin yake, wanda ɓargo ke ƙerawa da sinadarin ƙarfe, wato ayon, tare da folik asid da bitamin B12. Ƙwayar jini tana rayuwa kwana kamar 120, ɓargo kuma kullum yana ƙera sabuwa. In babu kayan aikin, ko tulu guda na jan ruwa mace ta shanye ɓargon ba shi da abin da zai ƙera da shi.

Mu yi lissafi tare. Ruwan inabi zalla, kwalba guda, ayon ɗin da ke ciki bai fi miligiram 2 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ayon kowace rana, da maikurogiram 400 na folik asid. Kenan kafin 'yarki ta kai ƙaramin adadin sai ta shanye kwalba 15 a wuni. Ruwan inabi kuma yana da sukari wajen giram 15 a kowane 100 ml, ya ma fi Coca-Cola mai kusan giram 10 da rabi. Kwalba guda ta haura giram 100, cokalin shayi ashirin da wani abu, alhali hukumar ta ce babba kada ya wuce kamar giram 50 a rana, kuma ta ƙidaya zaƙin ruwan 'ya'yan itace a ciki. Kwalba 15 ɗin nan sukarinsu ya fi kilo ɗaya da rabi. Mai cikin wata shida, daidai lokacin da ake gwajin ciwon sukari na masu juna biyu, ita za a ɗora wa wannan?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwalbar tana kwantar da hankalin gida. An saya, an sha, an ga ja, sai kowa ya ce an yi magani, a daina komawa awo. Na ga haka da idona a gidan da muka taɓa haya. Matar maƙwabcinmu ta ajiye ƙwayoyinta, mijinta kuwa, da kyakkyawar niyya, kullum sai ya shigo da kwalba a leda. Tafin hannunta ya yi fari fat, hawa matakala uku sai ta tsaya tana haki. Ranar haihuwa jini ya ɓalle, muka kwana muna buga waya ana neman wanda zai ba da ledar jini. Allah ya yi da sauran kwananta, amma daren nan ban manta shi ba. Mace mai cikakken jini in ta zubar da rabin lita wajen haihuwa jikinta yakan ɗauka. Wadda ta shiga ɗakin haihuwa da ƙarancin jini, wannan rabin litar kan iya kai ta ƙasa. Ga haɗarin haihuwar bakwaini da jariri marar nauyi. Binciken lafiyar iyali na Ghana na 2022 ya nuna kusan rabin masu ciki a ƙasar nan suna da ƙarancin jini, to ki duba yawan gidajen da wannan jita-jita take shiga.

Sannan ƙarancin jini ba sababi ɗaya gare shi ba, shi ya sa mai shago bai isa ya rubuta magani ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki tana tsotsewa. Akwai sikila, wadda a Ghana kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da ita, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995 a ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Mai sikila ma ba a ɗura mata ayon haka kawai sai an auna. Wanne daga cikin waɗannan mai shagon ya gwada kafin ya ce a ware katan? Shi kayansa yake son ya sauke daga kanta. Ban ce mugu ba ne, wataƙila shi ma haka ya ji, amma Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana a tallata abinci ko abin sha ta hanyar da za ta yaudari mai saye, kuma ina jin takaicin yadda ake bin takardar kwalba da tsanani a tashar jiragen ruwa, a bar abin da baki ke faɗa a kasuwa babu mai tsawatarwa. Mu da muke cewa rai amana ne, bai kamata mu miƙa amanar mai ciki da abin da ke cikinta ga wanda ba zai kwana a asibiti tare da mu ba. Ku iyaye da surukai, maganarku ta fi ta likita ƙarfi a cikin gida. In kuka ce sha, za a sha, in kuka ce ajiye, za a ajiye, kuma Allah zai tambaye ku a kan haka.

Tashin zuciyar da take ji gaskiya ne, kada a ce mata raki. Ƙwayar ayon takan yi haka, takan sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ya ɗaure ciki. Akwai dabara: ta sha da daddare bayan ta ɗan ci abinci, ta haɗa da lemon zaƙi ko abarba don bitamin C yana taimaka wa jiki ya zuƙi ayon, ta raba ta da shayi da madara da kamar awa biyu, domin su biyun suna tare shi. In duk da haka ta kasa, ungozoma za ta iya canza mata iri ko tsarin sha, akwai ma na ruwa da ake sa wa ta jijiya idan likita ya ga buƙata. A tukunya kuma a yawaita nama, kifin amane, wake, miyar kontomire (ganyen gwaza), zogale da daddawa. Hanta tana da ayon sosai, amma mai ciki kada ta mayar da ita abincin kullum saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Ki karɓi littafin awonta yau ki duba inda aka rubuta Hb, wato awon himogulobin. Ƙasa da 11 ga mai ciki ƙarancin jini ne, ƙasa da 7 kuwa mai tsanani ne, ba a jiran ranar awo. Haka in tana haki tana zaune, ko jiri, ko zuciya na bugawa da sauri, ku tafi a ranar, ko asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da ku. In ba haka ba, ki raka ta da kanki ranar awonta, ku tafi da ragowar ƙwayoyin, ta faɗa wa ungozoma tun yaushe ta daina sha.

Ranar biki ta sha rabin kofi tare da ƙanwarta, babu laifi, sai in an riga an ce mata tana da sukari. Kuɗin katan ɗin da kika so ware mata ki ba ta na kifi da nama da lemo. Kuma ki sa a ajiye ruwan sanyi da sobolo marar sukari a teburin dattawa, don a cikin hajiyoyin da za su zo miki ba za a rasa masu ciwon sukari ba, su ma an gaya musu wannan kwalbar ba ta da illa tunda ba giya ba ce.