Ina jin magana amma kalmomin na cakuɗe mini

Tambaya: Likita, shekara 12 ina aikin injin niƙa a Katako, nan Jos. Yanzu in ana hira a majalisa ko wurin ɗaurin aure, ina jin muryoyi amma kalmomin sai su cakuɗe mini. Na je asibiti an gwada, aka ce kunnena lafiya lau. Mutanen gida sun fara cewa da gangan nake yi.

Amsa: Malam, na yarda ba da gangan kake yi ba, kuma ina so mutanen gida su karanta wannan.

Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa. A ciki akwai ƙwayoyi masu gashi, kusan 3,500 daga cikinsu ke miƙa sauti ga jijiyar ji, ita kuma ta kai ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan ba ɗaya tal ba ce, zare ne wajen 30,000 a dunƙule, kamar igiyar guga. Gwajin da aka saba yi, wanda ake sa maka abu a kunne a ɗaki shiru ka ɗaga hannu in ka ji ƙara, zare kaɗan ma sun isa ka ci shi. Tsinto maganar mutum guda cikin hayaniyar taro kuwa sai da zare masu yawa.

A 2009, masu bincike Sharon Kujawa da Charles Liberman a Boston ta Amurka sun sa ɓeraye cikin ƙara mai desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 2. Cikin mako 2 gwaji ya nuna jinsu ya dawo. Da aka duba da madubin likita, sai ga shi a wani sashen kusan rabin mahaɗar jijiyar da ƙwayoyin ta tsinke. Daga baya an ga irin wannan raguwa a kunnuwan mutanen da aka duba bayan rasuwarsu. Shi ake kira ɓoyayyen rashin ji, kuma shi na fi zato a kanka.

Masu bincike sun sake haɗa mahaɗar a ɓeraye da wani sinadari, amma maganin bai iso ga mutane ba. Don Allah kada ka ɗiga man kowa a kunne, abin ya wuce inda mai ke kaiwa.

Ka koma wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ka faɗi sana'arka, ka nemi a gwada fahimtar magana cikin hayaniya.

Abin da ya fi damuna shi ne zaren da suka rage maka. Ƙa'idar aiki ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu. In sai ka ɗaga murya kafin mai kawo niƙa da ke gabanka ta ji kuɗinta, ƙarar ta yi yawa. Ka sayi abin toshe kunne na roba, ka sa tun kafin ka tada inji. Auduga ba ta tare komai sosai. Yaran da ke juye maka masara ma ka saya musu.