Tambaya da Amsa: Mai fasfon Amurka zai iya zuwa Kyuba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fasfon Amurka, maigidana kuma yana da katin zama na dindindin. Muna so mu je Habana, babban birnin Kyuba, na mako guda, amma an ce mana doka ta hana. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Doka ba ta hana zuwa Kyuba ba, yawon shaƙatawa zalla ta hana. Ta kuma hau kan maigida kamar yadda ta hau kanki, ko da ta Meziko ko Kanada kuka bi.

Ofishin OFAC na ma'aikatar kuɗin Amurka ya ware dalilai 12 da za a iya tafiya a kansu, irin su ziyarar dangi, aikin jarida da harkar addini. Masu tafiya da kansu galibi suna zaɓar "tallafa wa al'ummar Kyuba". Ba sai kun nemi izini a rubuce ba, kamfanin jirgi ne zai tambayi dalilinku wajen sayen tikiti. Daga nan ne mutane ke sakin jiki, su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Ana so kowace rana ta cika da hulɗa da 'yan ƙasa masu sana'ar kansu: ku sauka a ɗakunan haya na gidajen mutane da ake kira casa particular, ku ci abinci a gidajen abinci masu zaman kansu, ku yi sayayya wurin masu aikin hannu. Wuni a kwance a bakin tekun Baradero bai shiga lissafi ba. Yawancin manyan otal na gwamnati suna cikin jerin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta haramta, don haka ku duba jerin kafin ku biya ko sisi. Rasit da jadawalin tafiya kuma ku adana su, tun 2025 shekara 10 ake bukata.

Ɓangaren Kyuba ya fi sauƙi: bizar intanet ta kwana 90, da fom ɗin D'Viajeros da ake cikewa kafin tashi. Inshorar lafiya dole ce, amma jiragen da ke tashi daga Amurka kan haɗa ta cikin tikiti. Kada ku yar da katin shiga jirgi, shi ne shaidarku a asibiti.

Kuɗi ne abin da ya fi damun matafiya. Katin bankin Amurka ba ya aiki a can, idan guzuri ya ƙare babu na'urar da za ta cece ku. Ku riƙe tsabar kuɗi fiye da lissafinku, takardu masu kyau marasa yaga, ƙanana da yawa. Abin da ya haura dala 5,000 sai an bayyana wa kwastan na Kyuba. Ku tafi da magungunanku da tocila, domin ana yawan ɗauke wuta. In za ku dawo kuma, tun 2020 aka hana shigo da taba da giyar Kyuba cikin Amurka, ko da tsaraba ce.